Layi Biyun da Babu Mai Su

Ranar Laraba, 5 ga Nuwamba 2003, Larry McVoy ya sanar da masu aikin Linux cewa wani ya taɓa wani fayil ta inda bai kamata ba. A lokacin McVoy ne mai kamfanin BitMover, masu manhajar BitKeeper, wadda Linus Torvalds, jagoran aikin Linux, ya koma amfani da ita tun 2002 wajen adana tarihin kanel, wato cibiyar Linux da ke raba wa sauran manhajoji lokaci da ƙwaƙwalwa da izini. Ba kowa ne ya yarda ya taɓa BitKeeper ba, saboda ta kamfani ce, rubutunta kuma a wancan lokaci a rufe yake. Don masu wannan ra'ayi ne ake kwafe komai a kai a kai zuwa wata tsohuwar ma'ajiya mai suna CVS, kuma duk canjin da ya sauka can yana zuwa da shaidar inda ya fito a ma'ajiyar asali.

Sai ga canji a fayil ɗin kernel/exit.c wanda ba shi da wannan shaida. Bai biyo ta hannun Torvalds ba. Wani ne ya kutsa cikin kwamfutar da ke riƙe da kwafin ya rubuta shi kai tsaye, ya kuma liƙa masa sunan ɗaya daga cikin manyan masu aikin kanel ɗin, mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da farko McVoy bai ɗauki abin da zafi ba: an gano, an goge, an mayar da fayil yadda yake. Sai da wani ya tambaye shi wai mene ne ma aka canza, sannan ya fito da layukan. Biyu ne kacal:

    if ((options == (__WCLONE|__WALL)) && (current->uid = 0))
            retval = -EINVAL;

Wanda bai taɓa karanta harshen C ba kada tarin alamomin nan ya firgita shi, abin da ke ciki kaɗan ne. An saka layukan ne dab da ƙarshen wani aiki mai suna sys_wait4. A tsarin Unix, wanda Linux ya bi sawunsa, manhajar da ke gudana tana iya haifar wata, kuma da sunan uwa da 'ya ake kiransu har a littattafan fannin. Idan 'yar ta gama aikinta, sai uwar ta kira wait4 ta ji yadda aka ƙare. Tana iya haɗawa da wasu zaɓuɓɓuka, su ne options. Ita kuma uid lambar mai amfani da kwamfutar ce. Kowa da tasa, sifili kuwa ta root ce, wanda wuƙa da nama ke hannunsa.

Mai karatu cikin sauri zai fassara layin kamar haka: idan an haɗa waɗannan zaɓuɓɓuka biyu, kuma mai kiran root ne, a mayar masa da EINVAL, wato abin da ka kawo bai karɓu ba. Irin wannan tantancewa ta cika kanel. A farkon wannan aikin ma akwai ta gaskiya, wadda ta jera WNOHANG|WUNTRACED|__WNOTHREAD|__WCLONE|__WALL manne da juna ba tazara, ita ma EINVAL take mayarwa. Baƙon layi ya kwaikwayi rubutun 'yan gida har zuwa yadda suke manne sunaye.

To me zai sa mutum ya fasa kwamfutar wani, ya ari sunan wani, don kawai ya ƙara tantancewar da ba ta cutar da kowa? Da walakin, goro a miya.

Masanan kanel a ranar suka gano bakin zaren. Mu da ba mu da idonsu, akwai wata hanya mai bi a hankali. A layin farko baka-biyu sun zo har sau huɗu. Mu cire su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda muka cire mu tambayi kwamfaila, manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa abin da inji ke ganewa, ko ma'ana ta canza. Bakan da aka cire ba abin da ya faru, don idon mutum aka sa shi. Wanda aka cire abu ya lalace, shi ke ɗauke da kaya, kuma sai mu ji dalili.

Na can waje, wanda ya biyo bayan if, ba ya buƙatar bincike. Dokar C ce, sharaɗi sai a cikin baka.

Mu tsallaka zuwa na can ciki, (__WCLONE|__WALL). Lamba a cikin kwamfuta jerin sifili da ɗaya ce, kuma masu rubuta kanel kan ɗauki lamba guda mai gurbi 32 su mai da ita kamar allon makunnan wutar gida, kowane gurbi da abin da yake kunnawa. __WCLONE shi ne gurbin can ƙoli, __WALL mai bi masa. Sandar nan ta tsaye, |, tana haɗa su ta fitar da lambar da duka biyun ke kunne a cikinta. Alamar == kuma tambaya ce: na hagu daidai yake da na dama?

Cire bakan, ya zama options == __WCLONE|__WALL. Ido bai ga wani bambanci ba. Sunayen biyu suna manne, == tana da fili hagu da dama, saboda haka ƙwaƙwalwa ta riga ta yanke cewa na mannen za a fara haɗawa. Haka muka saba tun daga aji. Yaron da aka koya wa BODMAS ya san 2 + 3×4 amsarsa 14 ce, ba 20 ba, kuma mai rubutu da biro yakan matso da abin da za a fara yi kusa da juna ba tare da an ce masa ba. Amma kwamfailar C ba ta auna fili. Jadawalin fifiko gare ta mai hawa 15, kuma a jadawalin == tana gaba da |. Abin da za ta karanta ke nan: a fara gwada options da __WCLONE, a samu sifili ko ɗaya, sannan a haɗa wannan da __WALL. Sakamakon ba zai taɓa zama sifili ba, a C kuwa duk abin da ba sifili ba gaskiya ne. Sharaɗin ya zama "e" a kullum, ko me aka kawo.

Wannan baka dole ne ke nan. Sai dai dolen tana da ɗaure kai, domin babu mai zama yau ya tsara harshe ya sa tambayar daidaito gaba da haɗa gurabe. Dalilin yana Bell Labs, a jihar New Jersey ta Amurka, farkon shekarun 1970.

C jikan BCPL ne, harshen da Martin Richards ya tsara a tsakiyar shekarun 1960. Tsakaninsu akwai B, wanda Ken Thompson ya rarake daga BCPL wajen 1969 don ya shiga ƙaramar kwamfutar da yake da ita. A B babu && babu ||. Alamar & guda ce ke aiki biyu: a cikin lissafi ta yi aikin gurabe, a cikin sharaɗi ta zama "kuma". Mutum zai rubuta if (a == b & c == d), yana nufin a daidai yake da b, kuma c daidai yake da d. Don wannan ya karantu ba tare da ƙarin baka ba, tilas == ta riga &, ta riga | wadda ke matsayin "ko". A wancan lokaci tsarin daidai yake.

Da Dennis Ritchie ke gina C wajen 1972, Alan Snyder ya ba da shawarar a raba aikin biyu, sai aka ƙirƙiro && da || don sharaɗi kaɗai. Nan damar ta zo ta a ɗaga & da | sama da ==, tunda an sauke musu nauyin "kuma" da "ko". Ritchie bai ɗaga ba. Akwai manhajojin da aka riga aka rubuta da tsohon salo, kuma da an motsa alamomin da ma'anarsu ta juya a ɓoye, kwamfaila ba ta ce uffan ba. A 1982 ya faɗi girman abin da ake gudun ɓatawa: rubutun 'yan ɗaruruwan kilobayit, a wurare kamar uku. Ya kuma amsa cewa da an canza tun a lokacin da ya fi. Ya maimaita wannan a tarihin harshen da ya rubuta a 1993. Kafin nan bakin alƙalami ya bushe. C++ ya gaji jadawalin, daga baya Java da JavaScript da PHP da C# suka bi sahu.

Abin da ya fi jadawalin kansa tasiri shi ne ɗabi'ar da ya haifar. Ɗauki x & 1 == 0, wanda mutum zai rubuta yana son ya san ko x cika ce ko mara. Kwamfaila za ta fara tambaya ko 1 daidai yake da 0, ta ji a'a, ta samu sifili, ta haɗa shi da x, sifili ya fito. A wajen wannan manhaja duk lambobin duniya mara ne. Wanda irin wannan ya taɓa cinye masa dare ba ya ƙara yarda da jadawalin. Daga ranar sai ya riƙa zagaye komai da baka, mai buƙata da marar buƙata. Malamai kuma suka mai da shi nasiha ga ɗalibai: in kana shakka, sa baka.

Baka na uku shi ne wanda ya rungume options == (…) gaba ɗaya. Cire shi, ba abin da ya motsa. == tana gaba da && da hawa huɗu, inji zai fitar da abu ɗaya da shi ko ba shi. Wannan ɗan waccan ɗabi'a ne, na ido ne zalla, kuma babu wanda zai ɗaga gira don ya gan shi. Amma a lura da abin da ya yi wa layin. Ya sa hagu da daman && sun yi kama da juna: baka nan baka can, suna a farko, alama a tsakiya da fili gefe da gefe, ƙima a ƙarshe. Ido in ya karanta na farko ya ga tambaya ce, sai ya ba na biyu wannan shaidar kyauta ya wuce.

Saura ɗaya. Idan (current->uid = 0) tagwayen na hagu ne, cire bakansa ma bai kamata ya canza komai ba. Cire mu gani. Kwamfaila ta tsaya cak, ta ƙi haɗa fayil ɗin, tana ƙorafin ana neman zuba ƙima a abin da ba mazubi ba.

Tambaya ba ta zuba komai a ko'ina. To me ake zubawa? A koma kan layin a ƙirga. A hagu == ce. A dama = ce, guda ɗaya.

A C waɗannan biyu ba dangin juna ba ne. == tana tambaya, = tana ba da umarni: ɗauki na dama ka zuba a na hagu. current->uid = 0 ba ya tambaya ko mai kiran root ne, mai da shi root yake yi. Ita = tana can ƙasan jadawali, waƙafi kaɗai ke bayanta. Shi ya sa da aka cire baka sai && ta riga ta haɗiye current->uid, aka bar = tana neman zuba sifili a cikin sakamakon sharaɗi, abin da ba ya yiwuwa. Bakan da ya fi kowanne kama da ado, ashe shi ne ginshiƙin.

Kusancin alamomin biyu shi ma daga Bell Labs ya fito. A BCPL, := ce ta zubawa, = ta tambaya, kamar yadda yake a Algol da Pascal, kuma da wuya yatsa ya rikita su. Thompson, mai son taƙaitawa, ya ba zubawa = ya ba tambaya ==. Brian Kernighan da Ritchie sun kare wannan a littafinsu na 1978 da cewa zubawa ta ninka tambayar daidaito yawa a manhajoji, don haka ita ta cancanci gajeriyar alama. Hujja ce mai kyau ga mai bugawa, ba ta duba mai karantawa ba. Sannan a C zubawa tana da ƙima, ƙimar abin da aka zuba, saboda haka ana iya dasa ta a tsakiyar sharaɗi ta zauna daram.

Yanzu layin ya karantu, kuma tilas a yaba wa gwanintar ko da ana tir da niyyar. && ɗin da Snyder ya kawo tana da wani hali: ba ta waiwayar dama sai hagu ya zama gaskiya. Duk kiran da manhajoji ke yi wa wait4 dare da rana zai zo ya wuce ba a taɓa uid ba. Sai wanda ya aiko da waɗannan zaɓuɓɓuka biyu cif, ba ragi ba ƙari. Wa zai aiko da su? __WCLONE na cewa a jira wani rukuni na 'ya'ya kaɗai, __WALL na cewa a jira kowa da kowa, kuma takardun Linux sun faɗa ƙarara cewa in an haɗa su watsi ake yi da na farko. Babu manhajar kirki da ke da dalilin haɗa su. Ƙwanƙwasa ce da mai ita kaɗai ya sani. In ya ƙwanƙwasa, uid ɗinsa ta koma sifili. Ƙimar zubawar ita ma sifili ce, wato ƙarya, saboda haka sharaɗin ya faɗi, layi na biyu bai gudana ba, EINVAL ba ta fito ba. Ba saƙo, ba gargaɗi, ba a rubuta komai a ko'ina ba. Daga nan zuwa riƙe kwamfutar baki ɗaya ɗan taki ne. Duk mai ƙaramin asusu a kan injin zai iya zama mai gida.

Sai dai adalci ya sa a tsaya a ji mai kare shi. Rubuta = a maimakon == yana cikin tuntuɓen da ya fi yawa a C, manya da ƙanana suna yi. Ba zai yiwu yatsa ne ya zame ba?

Bakan nan na huɗu kaɗai ba zai yanke hukunci ba, kuma a nan ne, a ganina, gizo ke saƙa. Masu kwamfailar GCC sun san da wannan tuntuɓe tun da daɗewa. In ka rubuta if (x = 0) ka kuma kunna gargaɗi, za ta ja hankalinka, ta ce in da gangan ne ka ƙara baka. Akwai wuraren da ake so da gangan, kamar while ((p = next())), inda ake ɗauko abu ana kuma dubawa ko ya ƙare a numfashi ɗaya. Baka na biyu a nan sa hannu ne: na gani, ni na so. Matsalar ita ce sa hannun "da gangan" da bakan "don kada a ruɗe" siffarsu ɗaya ce sak. Mai bin nasihar malamai, wanda ke zagaye kowane ɓangaren sharaɗi da baka, yana sa hannu ne a kan duk kuskuren da zai yi nan gaba. Da an rubuta layin da baka na dole kaɗai, = guda ba za ta ko haɗu ba. Yawan taka-tsantsan ne ya kashe ƙararrawa biyu, ta kwamfaila da ta ido. Mai kuskure da mai mugunta za su iya fitar da layi iri ɗaya.

Shaidar da ta rufe bakin mai karewa tana layin da ke biye, wanda dama can yana cikin fayil ɗin:

    retval = -ECHILD;

A ce == aka nufa. A ce sharaɗin ya cika, an zuba EINVAL a retval. Layi na gaba zai share ta ya zuba ECHILD, wato ba ki da 'yar da za ki jira, kafin kowa ya gani. Babu return, babu goto da zai tsallake shi. Idan aka gyara "kuskuren", layukan biyu ba su yin komai sam. Amfaninsu ɗaya tilo yana cikin kuskuren ne. Ga kuma wurin da aka dasa su: ba a isa nan sai in mai kiran ba shi da 'yar da zai jira, abu mafi sauƙin shiryawa, kuma amsar da zai samu ita ce wadda kowa ke samu a wannan hali. Tantancewar gaskiya a bakin ƙofa ake yin ta, kamar waccan ta farkon aikin. Sannan babu wata hikima a hana root abin da aka ƙyale talaka ya yi. A ɗora wannan a kan fasa kwamfuta da sunan aro, magana ta ƙare: ɓarauniyar hanya ce aka haƙa da gangan.

Ba ta kai ga ma'ajiyar asali ba, kuma Linux 2.6.0 ya fito a Disamba 2003 ba tare da ita ba. Har yau ba a bayyana wanda ya yi ba. Abin da ya kamata a faɗa ba kwana-kwana shi ne ba kaifin idon wani ne ya fara kama layin ba, rashin shaidar asali ne. Da ya shigo ta ƙofar gaba a tsakiyar wani gyara mai layi ɗari biyar, Allah kaɗai ya san tsawon zaman da zai yi. Da Torvalds ya rabu da BitKeeper a 2005 ya rubuta Git, sai ya sa sunan kowane canji ya fito daga lissafin abin da ke cikinsa da na canjin da ya gabace shi, yadda taɓa tsohon layi a ɓoye zai ɓata lissafin duk abin da ya biyo baya.

Ta fuskar salon rubutu kuwa, magunguna sun yi yawa, ba duka ke warkarwa ba. Akwai masu juya tambaya su sa lamba a hagu, 0 == x, don in = ɗaya ta faɗi kwamfaila ta ƙi, tunda ba a zuba abu a cikin sifili. Ƙa'idojin WordPress sun wajabta wannan. Yana kare mai gaskiya daga yatsansa, amma ba ya aiki in duka ɓangarorin biyu mazubai ne, kuma mai mugun nufi ba zai bi shi ba. Masu kanel sun zaɓi hani kai tsaye: checkpatch, manhajar da ke duba salon gyare-gyare tun 2007, tana ƙin zubawa a cikin if ko da an lulluɓe ta da baka nawa.

Batun fili ya fi wannan daɗin bi. Na ce kwamfailar C ba ta auna fili, amma tana lura da inda alama ta ƙare wata ta fara. A tsohon C, abin da muke rubutawa -= yau, =- ake rubuta shi. Mutum ya buga x=-1 yana nufin zuba -1 a x, sai a rage wa x ɗaya. Sai a 1976 aka juya alamar. Wani tarkon yana nan har gobe: a/*p, raba a da abin da p ke nunawa, kwamfaila tana ganin /* ta ɗauka sharhi aka buɗe, ta haɗiye duk abin da ya biyo. Fili ɗaya bayan / ya raba gardama.

Ban da irin waɗannan, fili magana ce tsakanin marubuci da mai karatu, kuma a kan ta aka rabu gida biyu. Gida na farko ya ce a sa fili ɗaya gefe da gefen kowace alama mai haɗa abu biyu, ba bambanci. Haka takardar salon kanel ta tanada a yau. Hikimarsu ita ce filin da bai ce komai ba ba zai yi ƙarya ba. Gida na biyu ya ce a bar fili ya nuna fifiko. PEP 8, jagoran salon Python da aka fara a 2001, ya ba da shawarar a buɗa wa alama mafi ƙarancin fifiko a matse sauran, kamar x*2 - 1. Ya fi daɗin karatu nesa ba kusa ba. Amma Black, manhajar da masu Python da yawa ke bari ta daidaita musu rubutu, tana mayar da shi x * 2 - 1, ta koma gida na farko. Ina ganin dalilinta. Filin da hannu ya sa yana nuna abin da marubuci ya zata ne kawai. Rubuta 1<<n + 1 a C, ido zai rantse cewa a tura 1 gurbi n sannan a ƙara ɗaya, alhali + ce ke gaba, n + 1 za a fara yi. Marubucin ya yi kuskure, sannan ya yi amfani da fili ya koya wa duk mai dubawa kuskuren.

Wanda ya fi burge ni a warware wannan shi ne Go, kuma Thompson ɗin da ya gajarta alamar tun farko yana cikin mutum uku da suka fara tsara shi a Google a 2007, tare da Rob Pike da Robert Griesemer. Sun bar = da == yadda suke, amma zubawa ta daina zama abu mai ƙima, ba ta shiga cikin sharaɗi. Hawan fifikon alamomi masu haɗa abu biyu ya koma 5. An kai & da << sahun sau, | sahun tarawa, dukansu gaba da ==. Sannan fili ya fita daga hannun marubuci: gofmt ce ke sa shi, daga yadda kwamfaila ta fahimci layin. In ka ga a == b|c ko 1<<n + 1 a rubutun Go da ta bi ta kai, abin da idonka ya gani shi inji zai yi, domin wanda ya san jadawalin ne ya matse ya kuma buɗa. Python ma tun asali bai yarda da zubawa a cikin sharaɗi ba. Da aka buɗe wannan ƙofa a siga ta 3.8 a 2019, bayan taƙaddama mai zafi, wata alama daban aka ba ta, :=, irin ta BCPL.

A cikin kanel kansa, abin da ya toshe wannan rami ba salo ba ne. A siga ta 2.6.29, a 2009, aka kwashe uid da 'yan uwanta daga inda kowane layi zai iya rubuta musu, aka kai su wani tsari daban. Karantawa ta current_uid() ake yi. Canzawa kuwa sai an yi kwafi da prepare_creds(), an gyara kwafin, an tabbatar da commit_creds(), matakan da ba sa ɓoyuwa a bayan baka. Daga 2012 lambar kanta ta fara komawa wani nau'i na musamman, kuid_t, wanda a kanel na yau ko == ba ta aiki a kansa. Mai son ya san ko mai kira root ne, uid_eq(current_uid(), GLOBAL_ROOT_UID) zai rubuta.